Anti-bairos uku ne a laftof ɗina amma bairos ya cinye min filash, wanne zan saya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni malamar sakandare ce, bara maigidana ya sayo mana laftof tokumbo, HP ce Core i5, ram 4, Windows 10 ce a kai. Wanda ya sayar mana ya ɗora Avast da Smadav da wani McAfee wai don ƙarin tsaro. A kanta nake buga jarrabawa da sakamakon ɗalibai, yara kuma suna gem da kallo. Yanzu ta yi wani irin nauyi, sai in kunna in je in ɗora tukunya in dawo ba ta gama buɗewa ba, kuma kullum wani saƙo na fitowa ta gefe wai an gano bairos 5 in biya kuɗi a cire. Satin da ya wuce na kai filash bizines santa firintin, ina dawowa duk foldodina sun koma shotkot. Dan Allah wane anti-bairos ne ya fi ƙarfi in saya? Kuma shikenan fayilolina sun tafi?

AMSA

Wa alaikumus salam Malama, amin na gode. Bari in fara da abin da ya fi tayar miki da hankali: in sha Allahu fayilolinki suna nan, ba su tafi ko'ina ba, ɓoye su aka yi. Kuma ki riƙe kuɗinki tukuna kar ki sayi komai, domin matsalar laftof ɗin nan ba ƙarancin anti-bairos ba ne, yawansu ne ma ya jawo rabin abin da kike gani.

Shi wannan bairos mai mayar da folda shotkot tsohon ɗan gari ne, duk mai gyaran kwamfuta ya san shi kamar yunwar cikinsa. Yadda yake aiki shi ne idan kika soka filash a kwamfutar da ke ɗauke da shi sai ya kwafi kansa cikin filash ɗin, ya sa wa foldodinki na gaskiya alamar ɓuya yadda ba za ki gan su ba, sannan ya ƙirƙiri shotkot masu suna iri ɗaya da su. Kina danna shotkot ɗin sai ya fara tayar da bairos ɗin a kwamfutarki a ɓoye, daga nan ya buɗe miki foldar kamar ba abin da ya faru, shi yasa mutane da yawa suke wata da watanni suna yawo da shi gida-gida ba su sani ba. To in kin riga kin danna ko ɗaya a laftof ɗinki, ki ɗauka kawai ita ma ta kamu, kuma duk filash ɗin da aka soka mata daga ranar ya ɗauka. Saboda haka laftof za a fara wankewa kafin filash, in ba haka ba kina gyarawa yana sake ɓatawa.

Yanzu maganar anti-bairos uku. Kowane anti-bairos mai gadi na kullum yana tsayawa ne a bakin ƙofa, duk fayil ɗin da za a buɗe ko a ajiye sai ya tare shi ya bincike shi kafin ya wuce. Kin ga in uku ne, fayil ɗaya sai an bincike shi sau uku, kuma su kansu suna zargin juna, wannan ya kama abu ya kulle wancan ya zo ya ce mene ne wannan aka ɓoye a nan. A na'ura mai ram 4, musamman in tsohon had dis ne mai juyawa a cikinta ba SSD ba (wato sabon nau'in ma'ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa), wannan kaɗai ya isa ya sa ki gama girki ba ta buɗe ba. Sannan McAfee ɗin nan ina kyautata zaton na gwaji ne wanda wa'adinsa ya daɗe da ƙarewa, yana nan yana cin ram yana roƙon kuɗi. Shi kuwa Smadav, na ƙasar Indunusiya ne, kuma su masu shi da kansu ƙarin kariya suke kiransa musamman don filash, ba su ce shi ne babban mai gadi ba, mu ne a nan muka ɗora masa rawanin da bai nema ba saboda ba shi da nauyi kuma kowa na da shi a filash.

Abin da masu sayar da laftof ba sa gaya wa mutane shi ne Windows 10 da Windows 11 da anti-bairos ɗinsu suke zuwa, sunansa Microsoft Defender, kyauta ne, ba ya ƙarewa, ba ya neman katin ATM. A da can gaskiya raini muke masa kuma ya cancanci rainin, amma shekarun nan ya canja sosai. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu kenan gwada anti-bairos, AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya, suna sakar musu dubban bairos su ga wanda zai kama da wanda zai bari, su kuma auna yadda kowanne ke sa kwamfuta nauyi, kuma Defender ya daɗe yana fitowa a sahu ɗaya da waɗanda ake biya. Sakamakon yana shafukansu kyauta kowa zai iya dubawa. Sai dai shi Defender da ya ga an ɗora wani anti-bairos sai ya ja gefe ya bar masa wurin, don haka a laftof ɗinki a halin yanzu yana zaune ne kawai.

Ga yadda zan yi in da a teburina take. Zan cire McAfee da Avast da Smadav ɗaya bayan ɗaya ta Settings sannan Apps, ina ristatin bayan kowanne. McAfee yana da taurin kai wajen fita, in ya ƙi akwai ɗan abin cirewa da kamfanin ya yi mai suna MCPR, Avast ma yana da nasa Avast Clear, a shafin kamfanonin za a sauke ba wani wuri ba. Bayan nan ki rubuta Windows Security a wurin nema na ƙasa, ki buɗe, ki shiga Virus & threat protection, ki tabbata Real-time protection a kunne yake, ki haɗa data ki danna Check for updates a ƙarƙashin Protection updates. Sai ki shiga Scan options. Akwai wanda ake kira Microsoft Defender Offline scan, shi nake so ki fara da shi, zai kashe laftof ɗin ya yi bincike kafin Windows ta tashi, wato kafin bairos ya farka ya ɓuya, kamar minti 15 yake ɗauka, ki tabbata akwai caji ko wuta don kar ta mutu a tsakiya. In ya gama ki yi Full scan, wannan kam zai iya cin awa biyu ko fiye, ki bar shi da daddare. In kina son ido na biyu ki sauke Malwarebytes na kyauta ki yi sikanin sau ɗaya da shi, ya ƙware wajen tsinto tarkacen talla da ke maƙalewa a birauza, amma in ya yi miki tayin gwajin na kuɗi ki ƙi, don kar mu koma gidan jiya.

Akwai wani wuri da nake so ki leƙa, shi ne Exclusions, yana cikin Manage settings can ƙasa. Nan ne ake rubuta foldar da aka ce wa Defender kar ya taɓa. Sau da yawa ina samun laftof an sa dukkan C: a wurin, wato babbar ma'ajiyar da Windows ke ciki, ko dai wanda ya ɗora Windows ne ya yi don kar a goge masa abin kirak ɗinsa (abin da ake fasa lasisin manhaja da shi don a yi amfani da ita ba biya) ko bairos ne ya sa kansa, sai ka ga alamar kore lafiya lau alhali mai gadi an ɗaure masa ido. Duk abin da kika gani a nan wanda ba ke kika sa ba ki cire. In kuma kika ga Windows Security ɗin ma ta ƙi buɗewa, ko Windows Update an toshe shi gaba ɗaya, to wannan Windows ɗin an yi mata aika-aika tun wajen ɗorawa, kar ki wahalar da kanki, a kwashe fayiloli a sake ɗora sabuwa mai tsabta daga shafin Microsoft. Galibin laftof tokumbo na HP da Dell da Lenovo da lasisinsu na asali suke zuwa a jikin na'urar, ana ɗora irin Windows ɗin da ta dace a haɗa intanet sai ta kunna kanta, ba a ma buƙatar kirak ɗin tun farko.

Sai filash. Bayan laftof ta wanku ki soka shi, kar ki danna komai a ciki, ki danna maɓallin dama na maus a kan alamar filash ɗin ki ce Defender ya bincike shi. Ki duba harafin da aka ba shi, a ce E ne. Ki rubuta cmd a wurin nema ki buɗe baƙin allon nan, ki rubuta wannan daidai da tazararsa: attrib -h -r -s /s /d E:\*.* sai ki danna Enter ki ɗan jira. Foldodinki za su fito, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Ki kwashe takardunki da hotunanki kawai zuwa laftof, ki bar duk shotkot da duk wani fayil mai ƙarewa da .vbs ko .exe ko .lnk da ba ki san shi ba, sannan ki yi fomatin filash ɗin. Shikenan.

Saƙon nan kuma mai cewa an gano bairos 5, ina da yaƙinin ba daga anti-bairos yake ba ko da kin ga tambarin McAfee ko Norton a jiki. Wani shafi ne ɗaya daga cikin yaran ya shiga wajen neman fim ko gem, aka ce danna Allow ka tabbatar kai ba robot ba ne, ya danna, to ya ba shafin izinin turo saƙo ta Chrome kenan har illa masha Allah. Ki shiga Settings na Chrome, Privacy and security, Site settings, Notifications, za ki ga jerin shafuka masu sunaye barkatai, ki goge su duka. Kar ki danna saƙon, kar ki kira lambar da za su nuna, kar ki sa lambar kati. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin kwamfutarki balle ya ƙirga miki bairos.

To yaushe ya kamata mutum ya saya? Ba na cewa na kuɗi banza ne. Bitdefender na Romaniya, ESET na Sulobakiya, Kaspersky na Rasha, Norton na Amurka, duk suna aiki mai kyau kuma ESET musamman ba shi da nauyi. Abin da kuɗin ke ƙaro miki yawanci shi ne kula da abin da yara ke kallo, VPN mai ɓoye zirga-zirgarki a intanet, ma'ajiyar faswod, da lasisi ɗaya da zai rufe na'urori uku ko biyar har da waya. In kina buƙatar waɗannan, ko gidan ana harkar kuɗi da yawa a kan laftof ɗin, ki zaɓi ɗaya tak, ki saya a shafin kamfanin ko wurin dilan da aka sani, kuma ki sani kuɗin shekara-shekara ne, farashin shekarar farko rangwame ne, ta biyu sai su cire cikakke daga kati da kansu in ba ki kashe sabuntawar ba, ga dala yadda take. Wanda zai ce miki yana da lambar lasisi ta har abada a kuɗi kaɗan ki gode masa ki wuce. Anti-bairos na kirak kuwa shi ne abin da ya fi ba ni dariya a sana'ar nan, ɓarawo ka ba wa aikin gadi har da makullin ɗaka.

Abu biyu da ya kamata ki sani kafin ki zaɓa. A 2024 gwamnatin Amurka ta hana sayar da Kaspersky a ƙasarta, ta kuma tsayar da afdet ɗinsa a can daga ƙarshen Satumba, dalilin da ta bayar shi ne tsaron ƙasa da alaƙar kamfanin da Rasha, kamfanin ya musanta, kuma hanin bai shafi masu amfani da shi a nan ba. A shekarar dai hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta ci tarar Avast dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga ta wani reshensa Jumpshot, wanda suka rufe tun 2020. Na kawo wannan ne don ki gane anti-bairos yana ganin komai na kwamfutarki, ya fi kowace manhaja shiga lungu, to wanda za ki ba wannan amanar sai an duba. Kuma Avast da AVG da Avira da Norton yanzu duk kamfani ɗaya ke da su, Gen Digital, don haka mai ɗora Avast da AVG tare yana ganin ya haɗa ƙarfi biyu, kusan injin ɗaya ya ɗora sau biyu.

Amma gaskiya Malama, ko wanne kika ɗora, yaran nan su ne babbar ƙofa, ba don sharri ba, don gem na kyauta. Akwai wani mai ɗaukar hoton biki da ya taɓa shigowa shagona da laftof a hammata, gumi har wuya. Duk hotunan da ke ciki sun ƙi buɗewa, kowane fayil an ƙara masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen suna, kowace folda ka buɗe sai ka ga wata 'yar takarda _readme.txt, a ciki an rubuta ya biya dala 980, in ya tuntuɓe su cikin awa 72 a rage masa zuwa 490. Wannan shi ne STOP/Djvu, bairos mai garkuwa da fayil, kuma ta manhajojin kirak ya fi yaɗuwa. Na tambaye shi ba ka da anti-bairos ne, ya ce akwai, amma bayanin da ke tare da Photoshop ɗin da ya sauke ya ce a kashe anti-bairos kafin a ɗora, shi kuma ya kashe. Hotunan bikin mutum uku ne a ciki bai ba su ba. Mun gwada shafin No More Ransom, wanda hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai wato Europol da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016 suna ba da makullai kyauta, muka gwada na kamfanin tsaro Emsisoft, amma bairos ɗin da ya kama shi irin wanda makullin ke hannun ɓarayin ne, bai buɗu ba. Abin da ya cece shi rabi-rabi shi ne bai goge memorin kyamara ɗaya ba.

Kuma yanzu ma akwai wani da ya yi yawa wanda ba mai ɓarna a fili ba ne, mai satar faswod ne irin su Lumma da RedLine, ya shigo cikin daƙiƙu ya kwashe duk faswod ɗin da aka ajiye a Chrome, imel, Facebook, komai, ya tura, kwamfuta ba ta yi nauyi ba ba ta nuna komai ba, sai bayan sati mutum ya ji ana roƙon kuɗi da sunansa. Don haka bayan kin gama wankin nan ki canja faswod na imel ɗinki da Facebook da duk wani abin kuɗi da kika taɓa shiga a laftof ɗin, ki yi daga wayarki, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Sannan ki buɗe wa yara nasu akawun a Windows irin Standard, naki na Administrator ki sa masa faswod da ba su sani ba, duk abin da zai ɗoru a cikin sistam sai ya tambayi faswod ɗinki. Za a yi kuka kwana biyu, su saba. In akwai fayil ɗin da kike shakka ki ɗora shi a shafin VirusTotal, anti-bairos wajen 70 za su duba shi lokaci ɗaya, amma banda takardun sirri irin sakamakon ɗalibai, domin abin da aka ɗora a can masu bincike na iya gani.

Na san data tsada, shi yasa kowa ke kashe afdet, ni ma na fahimta. Amma anti-bairos da bai sha afdet ba wata shida, bairos ɗin wata shida da suka wuce ya sani. Na Defender ba shi da yawa in ana yi a kai a kai, na Windows ne mai cin data, shi kuma ki ware masa dare ɗaya a wata da datar dare. WannaCry, wani bairos mai garkuwa da fayil da ya tsayar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017 ya bazu ƙasashe sama da 150, tun watan Maris Microsoft ta fitar da maganin ramin da ya bi, waɗanda ba su yi afdet ba ya kama. Wannan ya kawo ni kan Windows 10 ɗinki: Microsoft ta daina ba ta afdet na tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi na ESU, wanda a 2025 aka sanar zai kai 13 ga Oktoba 2026. Defender zai ci gaba da samun nasa afdet ɗin na wani lokaci, amma ramukan jikin Windows ɗin kanta ba mai toshewa. Ki duba lambar firosesa a Settings, System, About. In kika ga irin i5-8250U, wato lambar ta fara da 8 ko 9, ko 10 zuwa sama, galibi za ta ɗauki Windows 11 kyauta, ki sa a ɗora miki. In irin i5-6200U ce ko i5-4300U ba ta cikin waɗanda Microsoft ta amince, sai a lallaɓa da ita a fara tanadi. Kuma in da ni ne ke da kuɗin da kika ware don anti-bairos, SSD zan sa mata in ƙara ram ya kai 8, wallahi sai kin ɗauka sabuwa aka sayo, ragowar in sayi had dis na waje ko babban filash ina kwafe jarrabawa da sakamako duk ƙarshen mako in cire in sa a durowa, kar a bar shi a soke, don mai garkuwa da fayil har abin da ke soke yake kullewa.

Bizines santa kuwa ba za ki daina zuwa ba tunda ba firinta a gida, kuma kwamfutar da ake soka wa filash hamsin a rana ba yadda za a yi ta zauna lafiya. Ki mayar da takardar PDF ki tura musu ta imel ko WhatsApp su buga, sai dai in takardar jarrabawa ce da ba a yi ba tukuna, ita kam ki tsaya a kansu a buga a goge a gabanki. In dole sai filash, ki ware ƙarami guda na yawo wanda ba komai a cikinsa sai abin da za a buga ranar, kina dawowa gida ki yi masa fomatin ba tare da kin buɗe shi ba. Allah ya taimaka, a gaida maigida da yaran.